'Yan daudu: Rayuwa tsakanin maza da mata a ƙasar Hausa

A duk lokacin da hukumar Hisbah ta jihar Kano ta ba da sanarwar kama samari sanye da tufafin mata, muhawara kan taso game da 'yan daudu. Wasu na cewa baƙuwar ɗabi'a ce da aka shigo da ita daga ƙasashen Turai, wasu kuma na cewa tun kaka da kakanni ake zaune da su. To ko su wane ne 'yan daudu, kuma me ya sauya a zamansu da jama'a?

Matafiyin da ya saba bin manyan hanyoyin arewacin Nijeriya, irin wadda ta rabu daga Kwanar Ɗangora ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ta nufi Jos, ya san yadda tasha take idan magariba ta kawo jiki.

Ga masu shayi, ga masu tsire, ga mata masu tuwo. A wasu tashoshi da kasuwannin ƙasar Hausa kuma, akan tarar da namiji a gaban kasko, ya ɗaura zane, yana soya kaji da ƙwai, yana kashe murya da karya wuya irin na mata.

Direbobi su ci abincinsa, su yi masa ba'a, shi ma ya mayar musu da habaicin da ya fi nasu zafi, a yi dariya a watse.

Ranar Juma'a kuwa, mai yiwuwa a ga mutumin nan cikin babbar riga da hula a sahun masallaci. Ba abin mamaki ba ne kuma a ji cewa yana da mata da 'ya'ya a garinsu.

Wannan shi ne abin da ya daɗe yana ɗaure wa masu bincike kai. Akasarin 'yan daudu ba sa cewa su mata ne, kuma ba su saki mazantaka gaba ɗaya ba. Suna kai-komo ne tsakanin ɓangarorin biyu, gwargwadon wurin da suke, da mutanen da suke tare da su, da kuma shekarunsu.

Abin da ya sauya, musamman tun daga shekara ta 2000, shi ne filin da jama'a da hukuma suka bar musu na yin wannan kai-komo ya ƙuntace ƙwarai.

Asalin sunan

A fada, Daudu laƙabi ne da ake yi wa Galadima kirari da shi. Masu nazarin al'adun Hausa da dama na danganta sunan 'yan daudu da Ɗan Galadima, ɗaya daga cikin fitattun iskokin bori.

A wajen 'yan bori, Ɗan Galadima ɗan sarauta ne kyakkyawa, mai son ado da turare da caca, mai kyauta ba ya waiwaye.

Fremont Besmer, wani masani ɗan Amurka da ya yi nazarin bori da makaɗansa a ƙasar Kano, ya bayyana a littafinsa na 1983 cewa 'yan daudu kan halarci wasannin bori, su yi rawa irin ta mata, su yi liƙi, musamman idan Ɗan Galadima ya hau dokinsa.

A cikin bori dai, ba a ɗaukar jinsin mutum a matsayin shinge. Iska namiji kan hau mace, iska mace kuma kan hau namiji, kuma muddin tana kansa, da muryarta da halinta zai yi magana. Don haka fagen bori ya zama ɗaya daga cikin wurare ƙalilan da namiji zai kwaikwayi mace a bainar jama'a ba tare da an ga baƙon abu ba.

Sai dai bori kansa ya daɗe yana fuskantar suka. Jagororin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun yi kakkausar suka ga cakuɗa Musulunci da bautar iskoki.

A garin Burumburum da ke cikin ƙaramar hukumar Tudun Wada ta yanzu ne aka kashe Muhammadu Alwali, sarkin Kano na ƙarshe daga gidan Haɓe, a 1807, abin da ya tabbatar da mulkin masu jihadi a ƙasar Kano.

Duk da haka bori bai ɓace ba. Ya ci gaba a ƙauyukan Maguzawa na kudancin Kano, da cikin gidaje a tsakanin mata, da kuma unguwannin bayan ganuwa a birane. A irin waɗannan wurare na gefe ne 'yan daudu suka sami mazauni.

Sana'a da harshe

Zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911, da kafuwar unguwannin baƙi irin su Sabon Gari, da barikokin soja, sun tara dubban maza marasa iyali a birane. Waɗannan mutane na buƙatar dafaffen abinci da wurin hira.

Matan aure kuwa suna cikin kulle, ba sa zaman kasuwa ko tasha. Namijin da ke ji da kansa kuma ba ya son a gan shi yana tuƙa tuwo, domin a al'ada girki aikin mata ne.

Masu bincike na ganin cewa wannan giɓi ne 'yan daudu suka cike. Suna da 'yancin fita irin na maza, suna kuma da hannun girki irin na mata.

Renée Pittin, wadda ta yi bincike a birnin Katsina a farkon shekarun 1970, ta tarar da 'yan daudu suna zaune a gidajen mata masu zaman kansu, suna sayar da abinci, wasunsu kuma suna shiga tsakanin matan da maza masu nemansu. Wannan aiki na kawalci na daga cikin abubuwan da suka fi zubar musu da mutunci a idon jama'a.

A gefe guda kuma, an sha gayyatarsu gidajen biki domin girki da rawa da sa mata nishaɗi.

Binciken da ya fi kowanne zurfi a kansu shi ne na Rudolf Gaudio, masanin harshe da al'adu daga Amurka, wanda ya zauna da su a Kano tun daga farkon shekarun 1990. A 2009 ya wallafa littafi mai suna Allah Made Us, wato Allah ne Ya yi mu.

Gaudio ya nuna cewa matantakar ɗan daudu ta fi fitowa a bakinsa da motsin jikinsa fiye da a tufafinsa. Da yawansu kayan maza suke sawa a kan titi, sai a bakin murhu ko a cikin gida su ɗaura zane ko kallabi.

A tsakaninsu sukan kira juna da "ke", su raɗa wa juna sunayen mata. Tsara ta zama ƙawa, babba ya zama uwa, yaron da ke koyon sana'a a hannunsa kuma ya zama 'ya. Sun kuma shahara da iya habaici da karin magana, fasahar da aka fi sanin kishiyoyi da ita.

Wannan zumunci ba na baki kawai ba ne. Saurayin da iyayensa suka kora saboda halayensa, idan ya faɗo birni, uwar ɗakin nan ce ke ba shi wurin kwana da jari, ta kuma tsaya masa idan ya shiga hannun hukuma.

Yau "ke", gobe "kai"

Abin lura a binciken Gaudio shi ne yadda mutum ɗaya ke sauya harshe a cikin yini ɗaya. Wanda ake ce wa "ke" a rumfar abinci, idan ya koma gida maigida ne, matarsa ba ta kama sunansa, 'ya'yansa na ce masa Baba.

Da yawa daga cikin 'yan daudun da ya zanta da su sun kira kwaikwayon matan da suke yi da sunan wasa. Kalmar na ba su mafita: abin da aka kira wasa ana iya ajiye shi idan an shiga masallaci, ko an je gaban surukai, ko gaban alƙali.

Amma wasu daga cikinsu sun ce tun suna yara suka tsinci kansu sun fi sakewa a cikin mata, suna son wasan 'yar tsana da girki, kuma duka da faɗan iyaye bai raba su da halin ba. A nan ne maganar cewa haka Allah Ya yi su ta samo asali.

Dangantakarsu da mazantaka kan kuma sauya da shekaru. Saurayi ɗan shekara ashirin ya fi rawar kai da kwalliya. Idan ya manyanta ya tara jari, dangi sukan matsa masa ya yi aure, kuma shi kansa yakan so haihuwa, domin a ƙasar Hausa ba a cika ɗaukar tuzuru a matsayin cikakken mutum ba.

Wasu kan tafi Saudiyya neman kuɗi, musamman Jidda, su dawo da sunan Alhaji. Wasu kan bayyana cewa sun tuba, su tsayar da gemu, su bar rawa da kwalliya, amma su riƙe sana'ar abinci da tsofaffin abokai. Wasu kuma kan tuba su koma, su sake tuba.

Ma'ana dai, daudu ga mutane da yawa hanya ce da ake shiga da zurfi a wani lokaci na rayuwa, a ja da baya a wani lokacin.

Kalmomi uku da ake cakuɗawa

A hirar yau da kullum, har ma a wasu kafofin yaɗa labarai, akan haɗa ɗan daudu da ɗan luwaɗi da mata-maza a kwando ɗaya. Alhali kuwa abubuwa uku ne dabam-dabam.

Ɗan daudu ana gane shi ne ta ɗabi'a da sana'a da magana. Luwaɗi kuwa aiki ne na saduwa tsakanin maza. Bincike ya nuna cewa akwai 'yan daudun da ke hulɗa da maza, akwai kuma waɗanda ke musanta hakan, sannan da yawa daga cikin mazan da ke neman maza ba su da wata alama ta daudu a tare da su.

Mata-maza kuma batu ne na halitta: jaririn da aka haifa da al'aura ko ƙwayoyin halittar da ba su tsaya a ɓangare ɗaya ba. Alƙaluman da Majalisar Ɗinkin Duniya ke amfani da su na cewa masu irin wannan halitta na kaiwa tsakanin kashi 0.05 zuwa kashi 1.7 cikin ɗari na jama'a, ya danganta da irin yanayin da aka ƙirga.

Abin da malamai suka ce

Malaman Musulunci sun san waɗannan bambance-bambance tun ƙarnin farko, kuma sun ba kowanne suna da hukunci.

Mata-maza shi ne khunsa a littattafan fiƙihu. Ɗaliban Muhtasar na Shehu Halil, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna dogaro da shi, sun san cewa da batun gadon khunsa aka rufe littafin. A mazhabar Malikiyya, wanda lamarinsa ya rikice har aka kasa tantance shi, ana ba shi rabin kason namiji da rabin kason mace.

Namiji mai ɗabi'ar mata kuwa shi ne mukhannas. Hadisin Ibn Abbas da Bukhari ya ruwaito ya tabbatar da tsinuwa a kan mazan da ke kamanta kansu da mata, da matan da ke kamanta kansu da maza. Wannan hadisi ne masu wa'azi suka fi kafa hujja da shi a kan 'yan daudu.

A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik kuma akwai labarin wani mukhannas da ke shiga ɗakin Ummu Salama. Da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ji shi yana siffanta jikin wata mace ga wani namiji, sai ya hana irinsu shiga wurin matansa.

Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahih Muslim, ya raba mukhannas gida biyu: wanda aka halitta da laushin murya da motsi ba da gangan ba, wanda ya ce babu zargi a kansa, da kuma wanda ya ɗora wa kansa da gangan, wanda shi ne abin zargi. Ibn Hajar ya ƙara da cewa ko na farkon ma ana umartarsa da ya yi ƙoƙarin bari sannu a hankali.

Akwai kuma ruwayar Abu Dawud, wadda wasu malaman hadisi suka inganta, game da wani mukhannas da ya yi lalle a hannu da ƙafa. An yi umarni da a fitar da shi daga Madina, amma da aka nemi izinin kashe shi, Annabi ya ƙi, saboda mutumin yana salla.

Game da tiyatar sauya jinsi kuwa, majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta yanke hukunci a Makka a 1989 cewa haramun ne ga wanda halittarsa ta tabbata namiji ko mace, amma ya halatta a yi wa khunsa aiki domin a fito da jinsin da ya rinjaya a jikinsa.

Shari'a da dokar ƙasa

Doka ba ta taɓa sakar wa 'yan daudu mara ba. Kundin hukunta laifuka na jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan zaman banza da za a iya gurfanarwa.

Amma a aikace an fi kawar da kai. Akan kai samame ne jefi-jefi, musamman idan damina ta yi jinkiri, aka fita roƙon ruwa, hukuma ta kori mata masu zaman kansu daga gari. Bayan ƙura ta lafa kowa ya dawo.

Lamarin ya sauya bayan da jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoban 1999, jihohi goma sha ɗaya kuma suka bi sahu, ciki har da Kano a shekara ta 2000.

A wannan shekarar ce Kano ta kafa dokar hana karuwanci da ayyukan baɗala, wadda ta tanadi ɗaurin shekara ɗaya ko tarar naira 10,000 ga namijin da ya kwaikwayi mata a shiga ko a ɗabi'a. A 2003 kuma gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa hukumar Hisbah da doka.

An rufe gidajen mata da mashaya da dama, wasannin bori da na gala suka ja baya. Da yake a irin waɗannan wurare ne 'yan daudu ke samun abinci da mafaka, da yawansu sun ƙaura zuwa garuruwan da ba a shari'a, kamar yankunan da ke kewaye da Abuja, wasu kuma suka ajiye zane suka rage murya.

A watan Fabrairun 2005, wata kotun shari'a a Kano ta yanke wa wani matashi ɗan shekara 19 ɗaurin wata shida da tara, bayan da aka gano ya shafe shekara bakwai yana rayuwa a matsayin mace. Lamarin ya ja hankali ne domin ya saɓa wa abin da aka saba: ɗan daudu na gargajiya ba ya ɓoye cewa shi namiji ne.

A watan Agustan 2007 an kama maza 18 a wani otal a Bauchi. Da farko an zarge su da luwaɗi, daga baya tuhumar ta koma ta shigar mata da zaman banza.

A watan Janairun 2014 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi ɗaya, mai ɗaurin shekara 14 ga ma'auratan, da shekara 10 ga masu taimaka musu ko masu kafa ƙungiyoyinsu. Dokar ba ta ambaci 'yan daudu ba, amma da yake su ake iya ganewa da ido, su ne suka fi jin zafinta a kan titi.

Hukumar Hisbah ta Kano ta sanar da kama mutum 12 a watan Janairun 2015, da wasu 19 a watan Disambar 2022, bisa zargin shirya auren jinsi. Hukumar dai na cewa manufarta ita ce gyaran tarbiyya, kuma sau da yawa takan yi wa waɗanda ta kama nasiha ta miƙa su ga iyayensu. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam kuwa na cewa akan kama mutane ne saboda kamanninsu kawai, ba tare da hujjar sun aikata wani laifi ba.

Hatta a fim an ga sauyin. A farkon shekarun 2000 marigayi Rabilu Musa Ibro ya fito a fim ɗin barkwanci mai suna Ibro Ɗan Daudu, jama'a suka kalla suka yi dariya. A 2024 hukumar tace fina-finai ta jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta hana nuna daudu da daba a fina-finan Hausa.

Sababbin kalmomi daga waje

A ƙasashen Yammacin duniya an sami sababbin kalmomi na bayyana irin waɗannan mutane. Akwai waɗanda 'yan jarida ke kira masu sauya jinsi, wato waɗanda ke jin cewa jinsin da aka haife su da shi ba shi ne na zuciyarsu ba. Wasunsu kan sha magungunan sauya jiki ko su yi tiyata, wasu kuma suna da tufafi kawai suke sauyawa.

Akwai kuma waɗanda ke cewa suna da jinsi fiye da ɗaya, suna jin kansu maza a wani hali, mata a wani halin, ko duka biyun a lokaci guda.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan yanayi daga jerin cututtukan taɓin hankali. Amma ko a can ba a daina jayayya ba. A watan Janairun 2025 shugaba Donald Trump ya ba da umarnin cewa gwamnatin Amurka jinsi biyu kawai ta sani, sannan a watan Afrilun shekarar kotun ƙolin Birtaniya ta ce kalmar mace a dokar daidaito ta ƙasar na nufin wadda aka haifa mace.

Ƙasashen Musulmi ma kowace da inda ta dosa. Iran ta halatta tiyatar sauya jinsi bisa wata fatawar Ayatullahi Khumaini ta tsakiyar shekarun 1980, duk da cewa tana hukunta luwaɗi. Bangladesh ta amince da jama'ar hijra a matsayin jinsi na uku a 2013. Pakistan ta yi dokar kare su a 2018, amma a 2023 kotun shari'ar tarayyar ƙasar ta ce barin mutum ya zaɓa wa kansa jinsi ya saɓa wa Musulunci. Ƙabilar Bugis ta Indonesiya kuwa, wadda akasarinta Musulmi ne, tana da sunaye biyar na jinsi a al'adarta.

To ina 'yan daudu suka faɗa a wannan jeri? Masu bincike na gargaɗin cewa rigar ba ta yi musu daidai ba.

Mai sauya jinsi a Turai yana neman hukuma ta rubuta shi mace a fasfo, a kuma ɗauke shi haka a ko'ina. Ɗan daudu na gargajiya bai nemi wannan ba. Yana salla a sahun maza, yana cin gadon namiji, yana ɗaura aure a matsayin ango, idan ya mutu kuma maza ne ke yi masa wanka.

Idan ma akwai kalmar da ta ɗan kusance shi, to ta masu jinsi fiye da ɗaya ce. Sai dai ita ma ta ginu ne a kan abin da mutum ya furta game da kansa, alhali daudu ya fi ginuwa a kan sana'a da zumunci da matsayin da jama'a suka ajiye mutum.

Zamanin wayar hannu

Shigowar intanet ta kawo sabon salo. Matasa masu shigar mata sun sami dandali a Instagram da TikTok, inda dubban mutane ke kallonsu, wasu don nishaɗi, wasu don zagi.

Wanda ya fi shahara a Nijeriya shi ne Idris Okuneye, da aka fi sani da Bobrisky, wanda wata kotun tarayya a Legas ta ɗaure wata shida a watan Afrilun 2024 bisa laifin wulaƙanta takardun naira.

A 2022 ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Toro a jihar Bauchi, Umar Muda Lawal, ya gabatar da ƙudurin haramta shigar wani jinsi a faɗin ƙasar, amma bai zama doka ba.

Wannan sabon yanayi ya sauya yadda ake kallon tsohon ɗan daudun tasha. A da ana ganinsa a matsayin ɗan gida mai rauni, wanda ake yi wa dariya da addu'ar shiriya. Yanzu mutane da yawa na ganinsa a matsayin wakilin wata manufa ta ƙasashen waje, ko da kuwa bai taɓa jin sunanta ba.

Hoton bidiyo ɗaya kuma ya isa ya tona asirin mutum daga Kano har ƙauyensu cikin sa'a guda. Rabuwar da ke tsakanin rumfar abinci da gida, wadda a kanta rayuwar ɗan daudu ta dogara, ta yi wuyar riƙewa.

Abin da ke gaba

Babu alamar cewa malamai ko mafi yawan jama'ar arewacin Nijeriya za su sauya matsayinsu kan haramcin kwaikwayon mata. Tambayoyin da suka rage su ne na yadda za a yi da mutanen da ke cikin lamarin.

Na farko shi ne batun ɗaukar doka a hannu. A watan Agustan 2024 an tsinci gawar wani sanannen mai shigar mata a gefen titi a Abuja, lamarin da ya sa 'yan sanda suka buɗe bincike. Shari'ar Musulunci da dokar ƙasa duk ba su ba wa ɗaiɗaikun mutane ikon hukunta kowa ba.

Na biyu shi ne lafiya. Wani bincike da aka gudanar a Abuja, aka buga a mujallar Lancet HIV a 2015, ya gano cewa bayan dokar 2014 tsoron zuwa asibiti ya ƙaru a tsakanin mazan da ke hulɗa da maza. Tun da wasu daga cikinsu magidanta ne, likitoci na cewa cutar da ba a gwada ba, ba a kuma sha magani ba, tana iya kaiwa ga matan aure da jarirai.

Na uku shi ne abin yi. Wanda aka kora daga gida yana yaro, bai yi karatu ba, sana'ar da ya iya ita ce girki. Idan an rushe rumfarsa an ce ya tuba, ana bukatar a san inda zai sami abincin gobe.

Na huɗu kuma shi ne yara mata-maza, waɗanda babu wani malami da ya ɗora musu laifi, amma tsangwamar da ake yi wa 'yan daudu kan sa iyayensu su ɓoye su maimakon su kai su asibiti.

A halin da ake ciki dai, 'yan daudu na ci gaba da soya kaji a wasu tashoshi da girki a gidajen biki, sai dai da yawansu sun fi taka-tsantsan wajen zaɓen inda za su amsa "ke" da inda za su amsa "kai".